Alhaji Abubakar Imam: Malami Kuma Marubuci

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi bayani a kan marigayi Alhaji Abubakar Imam, domin a ga cewa rubutu sana'a ce da ake koyo a hannun malami, kamar ƙira ko saƙa.

An haife shi a Kagara cikin 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya gama cikin 1932, sa'an nan ya kama koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Cikin 1933 sai Dokta East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar ƙaga labari da Hausa. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa da Shaihu Umar. Dukansu uku malaman makaranta ne. Dalili kuwa a fili yake. Wanda kullum yake gaban yara ya san maganar da ke sa su kasa kunne, da wadda ke sa su gyangyaɗi.

Amma shi ma Imam sai da aka koya masa. East ya ɗauke shi zuwa Zariya cikin 1936, ya tara masa littattafan tatsuniyoyin Larabawa da na Turawa, ya nuna masa yadda ake gina labari. Imam ya sa musu rigar Hausa, Magana Jari Ce ya fito littafi uku. Wanda ya lura zai ga ko a cikinsa koyarwa ce gaba: a littafi na uku aku ne ke koya wa ɗansa dabarun magana. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939, shi ne editanta na farko. Nan ajinsa ya zama Arewa duka, gama mutane da yawa sun koyi rubuta Hausa ta hanyar karanta jaridar da aika mata wasiƙu. Ya rasu cikin 1981.

To, mu mutanen Batsari da Safana, ina ruwanmu da wannan? Tsofaffinmu suna da labaran farauta a Dajin Rugu, da tarihin kafuwar garuruwanmu. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama, mutane sun watse, kuma duk tsohon da ya kwanta dama da nasa labarin yake tafiya. In ba mu rubuta ba, wa zai rubuta mana?

Saboda haka ina roƙon malamanmu na Hausa su riƙa duba abin da muka rubuta ko ba na jarrabawa ba ne. Iyaye kuma, don Allah a bar ganin yaro mai rubuta labari kamar mai ɓata takarda. Mu ɗalibai kuwa mu jure wa jan biro, domin da koyo akan iya. Allah ya jiƙan Imam, amin.