Jama'ar Arewa, a Yi Hattara da Ƙullin "Shayin Barci"

Ina kira ga jama'ar Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri da Kore Mai Ruwa: kada wanda ya sake zuba wa kansa, ko tsohuwarsa, ko yaronsa, garin da aka ƙulla a leda ba suna, aka ce masa shayin barci ne ko maganin damuwa.

Na san abin da ke kai mutum. Tsadar hatsi, bashi, ɗa ya tafi ci-rani shiru ba labari. Dare ya raba, ido biyu. Ranar kasuwa sai mai lasifika ya ce nasa itace ne zalla. To, zaƙami ma itace ne, ga shi nan yana tsirowa a kan juji. Ƴaƴansa kaɗan sun isa su busar da baki, su buɗe ƙwayar ido, jiki ya yi zafi ba gumi, zuciya ta dinga bugawa da sauri, mutum ya kama surutai yana ganin abin da babu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a ƙasarmu irin wannan sai a ce iska ce, a tsaya turare da tofi, alhali guba ce ke cin jiki.

Gari kuwa ba ya faɗin abin da aka daka a cikinsa. In ƙwayar diyazefam ce, kuma mai sha yana haɗawa da taramol ko giya, numfashinsa na iya tsayawa cikin barci. Wanda ya yi makonni yana shanta kada ya yanke dare ɗaya, jijjiga na iya kama shi. Likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Na kwalba mai ƙyalƙyali da ake tallatawa a WhatsApp ma ba a bar shi ba. Ashwagandha da ake yabo, ƙasar Denmak ta hana sayar da shi a 2023 saboda fargabar illarsa ga sinadaran jiki da kuma juna biyu. Mai ciki, mai shayarwa, da mai shan maganin hawan jini ko na farfaɗiya, kada su taɓa sai da izinin likita.

Samarin fada kuma, ataya zagaye uku bayan isha'i shi da kansa ke korar barci. A mayar da shi la'asar, da dare a dafa na'a-na'a da aka tsinko da hannu.

In wani ya sha irin wannan ƙullin ya rikice ko ya ƙi farkawa, kada a ɗura masa madara ko mai, zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa, a kai shi cibiyar lafiya (CSI) mafi kusa ko asibitin Dogon Dutsi nan take, a tafi da sauran ƙullin a nuna wa likita.