Ga mai jin Hausa a waya, amma lasisinta bai ƙetare iyakar jiha ba

Ɗauki misalin Bahaushiya 'yar zangon Kumasi da aure ya kai unguwar Bronx a birnin Niyok. Tun da ta haihu barci ya ƙaurace mata, abinci ba ya shiga, in an matsa mata da tambaya sai ta ce, "Tunani ne ya yi mini yawa, ƙirjina kamar an ɗora dutse." Bayan doguwar cigiya aka samo mata masaniyar halayyar ɗan'adam mai jin Hausa a Greensboro, garin da 'yan Nijar suka yi yawa a jihar Karolina ta Arewa. Ga waya, ga intanet. Amma haƙuri masaniyar za ta ba ta, domin a Amurka kowace jiha da nata lasisin, kuma abin da doka ke dubawa shi ne inda marar lafiya take zaune a lokacin ganawar.

Dokar tana da hujja. In mai magani ya ci amana, dole a sami hukumar da za a kai wa ƙara, wadda ke da ikon ƙwace lasisinsa. In kuma marar lafiya ta ce rayuwa ta ishe ta, tilas wanda ke sauraronta ya san wa zai kira a garinta cikin daren nan.

Sai dai nauyin dokar ya fi faɗa wa masu ƙaramin yare. Wanda Ingilishi ne harshen uwarsa zai sami ƙwararru birjik a jiharsa. Bahaushe kuwa in ya dace da mutum ɗaya a faɗin ƙasar, ya gode Allah. Za a ce a nemo tafinta. To, a unguwar da kowa ya san kowa, tafintan nan wataƙila masallacinsu ɗaya da mijinta. Wace mace ce za ta buɗe cikinta a gabansa?

Kuma harshe rabin zancen ne. Matar da kunya ta hana ta ambaton sunan mijinta ko na ɗanta na fari, wanda bai san al'ada ba zai iya ɗauka tsoro ne ko ƙiyayya. In ta ce uwarta na zargin sammu ne ko iska, har an soma ruƙiya, bai kamata nan take a rubuta cewa hankalinta ya taɓu ba. In aka ba ta shawarar ta fuskanci surukarta ido da ido, ba za ta yi musu ba. Za ta yi godiya ne, daga ranar ba a sake ganinta. Masana sun san da wannan. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa tambayoyi 16 cikin kundinta na DSM-5 don a ji yadda marar lafiya da danginsa suke kiran ciwon da abin da suke ganin ya jawo shi. Tun 1954 ma Dakta Thomas Lambo ya nuna hanyar a Aro, Abekuta, inda ya zaunar da majinyata a ƙauye tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya.

Da korona ta ɓarke a 2020, jihohi da dama sun sassauta dokar na ɗan lokaci, daga baya aka janye. Abin da ya ɗore shi ne yarjejeniyar PSYPACT, wadda aka tsara a 2015 ta soma aiki sosai a 2020: masanin halayyar ɗan'adam mai lasisi a jihar da ta sa hannu yana iya ganin majinyaci ta intanet a sauran jihohin da suka sa hannu, yanzu sun kai arba'in. Karolina ta Arewa na ciki. Amma har zuwa 2024 Niyok da Kalifoniya ba su shiga ba, alhali su ne matattarar baƙi. Yarjejeniyar kuma ba ta shafi likitan da ke Kano ko Yamai ba.

A ganina jinkirin Niyok ba shi da madafa, tunda yarjejeniyar ta tanadi hanyar kai ƙara da ladabtarwa. Kafin a kai can, ɗan'uwa da ke ƙetare, tambayi mai maganin tun farko a wace jiha lasisinsa yake, ka faɗa masa duk lokacin da za ka yi tafiya. In abin ya yi tsanani a Amurka, kira 988, layin gaggawa da ke aiki dare da rana tun Yulin 2022.