Hoton shaida a kan takarda: yadda ake zaɓen manhajar buga hoton baƙi da fari

A farkon Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a faɗin Jihar Zamfara bisa umarnin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC. Gusau ta yi kusan wata guda babu waya babu intanet, wasu ƙananan hukumomin kuma suka fi haka daɗewa. A tsawon lokacin, duk wanda ya ajiye hotunansa a Facebook ko Google ya rasa hanyar kaiwa gare su.

Jihar da ta ga gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, ta ga sace ɗalibai 279 a Jangebe a 2021, ta kuma ga sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida da ke Bunguɗu a 2023, tana buƙatar tarihin da ba ya mutuwa tare da batirin waya. Matasa suna ɗaukar hotunan makarantun da aka rufe da gidajen da aka ƙone. Buga su a takarda, musamman da baƙi da fari, na daga hanyoyin adana su. Sai dai ingancin aikin ya dogara da tawada da kuma manhajar da ke sarrafa ta.

Me ya sa hoton ke fitowa kore-kore?

Yawancin firintocin da ke shagunan kwamfuta tawada huɗu gare su: baƙa, shuɗiya, ja mai ruwan hoda da rawaya. Babu ruwan toka a cikinsu, don haka na'urar kan cakuɗa launuka ukun ta samar da shi. Da zarar ɗaya ya ɗan rinjayi sauran, sai hoton ya karkata zuwa kore ko ja, har launinsa ya riƙa sauyawa tsakanin hasken rana da na ƙwan lantarki. Idan kuma aka umarci na'urar ta yi amfani da baƙar tawada kaɗai, launin zai tsaya, amma fuskoki kan fito da ɗige-ɗige kamar an watsa yashi.

Shi ya sa firintocin masu ɗaukar hoto ke zuwa da tawadar ruwan toka ɗaya ko biyu. Manhaja tana iya rage matsalar, amma ba ta ƙirƙiro tawadar da babu ita a cikin na'ura.

Manhajojin da ke akwai

Na farko su ne na kamfanonin firinta, kuma kyauta ne. Tun 2005 Epson ya sanya tsarin Advanced Black and White a manyan firintocinsa na hoto, wanda ke dogara da baƙi da ruwan toka, ya rage tawada mai launi. Akwai kuma Epson Print Layout, sai Professional Print & Layout na Canon. Ga mai firintar da ta dace da su, nan ya kamata ya fara.

Na biyu ita ce QuadToneRIP, wadda Roy Harrington ya ƙirƙira don hoton baƙi da fari kaɗai. Tana bai wa mai aiki damar ƙayyade yawan kowace tawada a kowane matakin duhu. Da wasu firintocin Epson take aiki, ana biyan kuɗinta sau ɗaya, kuma koyonta na buƙatar haƙuri.

Na uku su ne manhajojin kyauta da kowa ke da damar amfani da su: GIMP da darktable don gyaran hoto, sai Gutenprint don bugawa a kwamfutar da ke amfani da Linux. Na huɗu su ne Lightroom da Photoshop na kamfanin Adobe. Suna da ƙarfi, amma haya ake biya, kuma sukan nemi intanet lokaci zuwa lokaci don tabbatar da biyan. A jihar da aka taɓa katse wa sadarwa, wannan abin dubawa ne.

Gwaji kafin kashe kuɗi

A fara duba ko manhajar ta san samfurin firintar da ake da ita. Sannan a buga jerin matakai 21 daga fari fat zuwa baƙi ƙirin, a duba shi a rana da cikin ɗaki. Idan matakan ƙarshe suka haɗe suka zama baƙi ɗaya, to fuskar mai duhun fata da ke cikin inuwa za ta ɓace a hoton. A kuma tabbatar ɗaya ne ke sarrafa launi, ko manhajar ko firintar, domin idan duka biyun suka sa hannu, launin ya lalace.

Tawada ma iri biyu ce. Mai narkewa kamar rini ta fi araha, amma ta fi saurin koɗewa a rana. Mai ƙwayoyin gari ta fi ƙarko, sai dai takan toshe bakin na'urar idan aka daɗe ba a yi aiki da ita ba. A riƙa buga shafi ɗaya duk mako, a kuma rufe firintar lokacin ƙurar hunturu.

Idan hoton zai je kotu

Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kan duk takardar da kwamfuta ta samar, ciki har da takardar shaidar da ke bayanin na'urar da yadda aka fitar da ita. Mayar da hoto baƙi da fari sauyi ne, don haka a adana ainihin fayil ɗin mai launi yadda ya fito daga waya, da kwanan watansa, a yi gyara a kan kwafi. Kada a goge komai, kada a ƙara komai. A bayan kowane hoto a rubuta wuri da rana da fensir. Fuskar wanda aka sako daga hannun 'yan bindiga kuwa, kada a buga ta don nunawa sai da yardarsa, domin takarda na iya faɗawa hannun da bai kamata ba.