Ibrahim al-Kuni, Buzun Da Ya Sa Hamada Magana Da Larabci

Tun zamanin da ayarin Gadamas ke sauka a Kano da hajja, mutanen ƙasar nan sun san Buzaye da raƙumi da rawani da sanin hanya. Amma ba kowa ya san cewa daga cikinsu an sami wanda malaman Larabawa ke yabon alƙalaminsa ba. Shi ne Ibrahim al-Kuni, wanda aka haifa a hamadar Libiya cikin 1948. Da harshen Buzaye ya tashi, bai koyi Larabci ba sai yana da shekara 12. Daga baya ya yi karatun adabi a Masko, ya rubuta littattafai masu yawa, galibinsu hikayoyi ne na hamada.

Larabcinsa na littafi ne tsantsa, wanda duk almajirin da ya yi nahawu zai bi. Yakan buɗe babi da aya ko zancen wani sufi, sa'an nan ya kawo labarin da zai zama kamar sharhinsa. In tafiya ta yi tsawo sai jimlarsa ta miƙe, in ƙishirwa ta kama matafiyi sai ta gajarce, kalma biyu ko uku, har mai karatu ya ji maƙogwaronsa ya bushe. Dabba da dutse da iska kuwa yana ba su hali kamar na mutane.

Cikin Attibru, watau Garin Zinariya, na 1990, wani saurayi Ukayyad yana da raƙumi mai roɗi-roɗi wanda yake so kamar ɗan'uwansa. Yunwa ta sa ya jinginar da shi wurin wani attajiri, dangin matarsa. Attajirin ya ce ba zai mayar ba sai ya saki matar, ya kuwa haɗa masa da garin zinariya. Daga nan labari ya bazu cewa ya sayar da iyalinsa don kuɗi. Marubucin bai tsaya yin wa'azi ba, sai ya bar abin kunya ya bi saurayin har ya kai shi ga kisan kai, shi ma aka kashe shi.

Cikin Naziful Hajari, watau Zubar Jinin Dutse, na wannan shekara, Asufu makiyayi ne mai zama shi kaɗai cikin duwatsun kudancin Libiya. Wani maharbi mai suna Ƙabila, wanda ya gama da bareyi da mota da bindiga, ya tilasta masa ya nuna inda ragon dutse yake. Asufu ya ƙi, ya rasa ransa. Sunan maharbin kaɗai ya ishi malami ya gane inda aka dosa, gama ya san ƙissar 'ya'yan Annabi Adamu. Haka kuma cikin Almajusu, babban littafinsa mai juzu'i 2, mutanen da suka taso daga Tambutu sun gina birni a tsakiyar hamada, cinikin zinariya ya ɓata zaman makiyaya.

Ashe littattafan nan uku zance ɗaya suke yi, kwaɗayi mabuɗin wahala. Wani malami zai ce hikaya ɓata lokaci ce. To, ai Maƙamatul Hariri ma ƙagaggen labari ne, ga shi ana karanta shi a zaurukan ilmi don lugga da fasaha. Wanda ya yarda da wancan ba shi da hujjar raina wannan tun bai buɗe ba. Falke kuwa zai ga kansa a ciki, domin jingina da bashi da riba su ne suka kai Ukayyad ga halaka.

Cikin 2010 aka ba al-Kuni kyautar hikayar Larabci a Alƙahira, ya sadaukar da kuɗin ga 'ya'yan Buzaye. Allah ya amfanar da mai karatu da abin da ya karanta, amin.