Hawan jini, sukari da kitse: haɗarin da ke taruwa a jikin babba

Zuwa ga iyaye mata da masu wayar da kan jama'a na ƙaramar hukumar Cadakori da jihohin Gidan Runji, Agye da Gazawa

An saba ganin shirin abinci mai gina jiki yana magana a kan tamowar yara. Amma lafiyar yaro tana rataye ne da lafiyar wanda yake ciyar da shi. Idan ɓarin jikin uwa ya shanye, ko ciwon sukari ya kwantar da maigida a tsakiyar damina, gidan gaba ɗaya ne yake shiga wahala. Saboda haka wannan takarda ta shafi manya.

Mene ne wannan hali?

Likitoci suna kiransa sindirom metabolik. Alamomi biyar ne da suke son haɗuwa a jikin mutum ɗaya. A shekarar 2009 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya da na ciwon sukari suka daidaita cewa duk wanda ya tara 3 daga cikin 5 yana cikin wannan hali:

1. Faɗin ciki: zagayen ƙugu santimita 80 ko fiye ga mace, 94 ko fiye ga namiji.
2. Awon jini 130/85 ko fiye, wato 13/8,5 a lissafin asibitocinmu.
3. Sukarin jini kafin karya kumallo giram 1 ko fiye a lita ɗaya.
4. Kitsen jini da ake kira tirigiliserid giram 1,5 ko fiye a lita ɗaya.
5. Ƙarancin kolesterol mai amfani: ƙasa da giram 0,50 ga mace, ƙasa da 0,40 ga namiji.

Tushen matsalar shi ne kitsen da ke taruwa a cikin ciki. Yana hana jiki amsa sinadarin insulin, wanda aikinsa shigar da sukari cikin tsoka. Sai sukari ya tsaya a jini, jijiyoyi su sandare, awon jini ya hau. Ƙarshensa ciwon sukari, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda. Mutum yakan yi shekaru da shi ba tare da jin ciwon komai ba.

Abubuwan da ba a iya canzawa

Shekaru, musamman bayan ɗaukewar al'ada ga mace, da gado. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ciwon sukari ko hawan jini ya fi kusa da kamuwa.

Akwai kuma tarihin yarinta. Binciken likita David Barker na Ingila, da nazarin mutanen da aka ɗauki cikinsu lokacin yunwar ƙasar Holan ta 1944 zuwa 1945, sun nuna cewa jaririn da ya sha yunwa tun yana ciki, ko aka haife shi da ƙarancin nauyi, ya fi fuskantar waɗannan cututtuka idan ya girma ya yi ƙiba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yaran da suka rayu cikin yunwar 2005 a yankin Maraɗi yau magidanta ne da matan aure.

Macen da ta yi sukari ko hawan jini lokacin goyon ciki, ko ta haifi jaririn da ya wuce kilo 4, ita ma tana buƙatar awo a kai a kai.

Abubuwan da ke hannunmu

Sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙananan cokula 12. Shayi zagaye uku safe da yamma, lemon kwalba, da sukarin da ake zubawa a fura da koko suna wuce wannan adadi cikin sauƙi.

Gishiri. Iyakar ita ce ƙasa da giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen ɗanɗano galibinsa gishiri ne. A rage shi, a ƙara daddawa, albasa da tafarnuwa.

Kanwa. Tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Magungunan ƙiba. Ƙwayoyin da ake saya a kasuwa don amarya ta yi jiki sau da yawa suna ƙunshe da sinadaran da ke ɗaga sukari da awon jini, su kumbura fuska da ciki. A guje su ɗungurungum.

Zama wuri ɗaya. A samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Noma, daka da ɗebo ruwa suna cikin lissafi. Mai zaman shago da mai yini a kan babur su ne suka fi buƙatar tafiyar ƙasa.

Taba, ta sha ko ta taunawa, tana lalata jijiyoyin jini.

Abincin da ke karewa yana gonakinmu: gero da dawa da ba a surfe su sosai ba, wake, gyaɗa, zogale, rama, yakuwa da kuka. Shayar da nono ma tana rage wa uwa haɗarin ciwon sukari.

Aikin mai wayar da kai

A auna ƙugu da igiyar awo a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, mutum yana tsaye, bayan ya saki numfashi. Ba a yi wa mai ciki wannan awo. Wanda ya wuce iyaka, ko yake da gado, a tura shi cibiyar lafiya mafi kusa a auna jininsa da sukarinsa. Wanda aka ɗora kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi.

A gaggauta kai mutum asibiti idan bakinsa ya karkace, hannu ko ƙafa suka mutu, maganarsa ta sarƙe, ƙirjinsa yana ciwo, ko mai jego ta kumbura numfashinta yana yin sama-sama.

Shawarar rage nauyi ta masu ƙiba ce kaɗai. Kada a rage wa yaro, mai ciki, mai shayarwa ko ramamme abinci da sunan wannan takarda. Ciyar da su da kyau yau shi ne rigakafin hawan jini da ciwon sukari na shekaru masu zuwa.