Ilimin Muhalli da Sauya Ɗabi'a: Darasin Buji

A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili, a dukkan ƙananan hukumominta 27. Buji, mai hedikwata a Gantsa, da maƙwabciyarta Birnin Kudu suna cikin waɗanda suka riga sauran kaiwa ga wannan matsayi.

Ba sabon ilimi aka kai wa mutanen Buji ba. Tun zamanin duba-gari kowa ya san ƙazanta tana jawo amai da gudawa, amma sanin bai hana kowa zagawa bayan gari ba. Salon koyarwar ne aka sauya. Hukumar samar da ruwa da tsaftar muhalli a karkara ta jihar, tare da UNICEF, sun bi hanyar da wani masani mai suna Kamal Kar ya ɓullo da ita a Bangaladash wajen 2000. Jami'i ba ya lacca. Yakan roƙi mutanen ƙauye su zagaya da shi inda suke biyan buƙata, ya tsaya nan yana ta tambayoyi, su kuwa suna toshe hanci. Daga nan su zana taswirar garin a ƙasa, kowa ya nuna gidansa da wurin da iyalinsa ke zuwa. Sai a ajiye abinci kusa da kashi, a bar ƙuda ya yi ta kai-komo a idon jama'a. Galibi a nan ne wani zai ce, "Ashe kashin junanmu muke ci!" Maganar da ta fito daga bakin ɗan gari ta fi ta baƙo shiga jiki.

Ba a raba kuɗin ginin masai. An lura a ƙasashe da dama cewa wanda aka gina wa kyauta yakan mayar da shi ma'ajiyar kaya. Kowane magidanci shi zai haƙa nasa, kwamitin gari ya bi gida-gida, dagaci da limamai su riƙa tuni.

Inda tsarin ke da rauni shi ne damina. Ƙasa mai rairayi ba ta riƙe rami, ambaliya kuma kan rusa masai da yawa a Jigawa. Talakan da nasa ya rufta sau biyu ba wa'azi yake buƙata ba, magini yake nema da siminti mai araha.