Kaluluwar Wuya: Wadda Ba Ta Zafi Ita Ce Abar Tsoro



Duk wanda ya saba kai dabbobi Tamanrasset ta Agadas, Arlit, Assamaka da In Guezzam ya san sanyin garin lokacin hunturu, don a kan tudu yake, kusan mita 1,400 sama da teku. Mutum ya kwana a fili wajen shanu, da safe sai mura da ciwon maƙogwaro, kwana biyu sai ga kaluluwa a wuya.

Ita kaluluwa wasu 'yan ƙullutai ne da Allah Ya sanya a jiki suna tare ƙwayoyin cuta. In maƙogwaro, haƙori, kunne ko ƙurjin kai ya yi ciwo, sai su kumbura. Irin wannan tana zafi in an taɓa, kuma takan sauka cikin mako biyu in an magance tushen ciwon.

To, wadda za a kula da ita ita ce mai tauri, marar zafi, da ta wuce mako uku tana ƙaruwa, musamman in akwai rama, zazzaɓi ko gumin dare. Sau da yawa tarin fuka ne ya kama kaluluwa, ko da mutum ba ya tari. Wani lokaci ciwon daji ne ko ƙanjamau.

Ga inda abin ya shafe mu: shanu suna da nasu tarin fukan, yana kuma shiga mutum ta madarar da ba a tafasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 mutum 147,000 suka kamu da tarin fukan dabbobi, wajen 12,500 suka rasu.

Don Allah kada a kai wuya wa wanzami ya tsaga ko ya yi sakiya. Gyambo ake samu mai tsiyayar mugunya wata da watanni. A je asibiti, likita zai zuƙi ruwan ƙullin da allura, ya ɗauki hoton ƙirji. In tarin fuka ne, maganinsa wata 6 ne, wani har 9, kuma kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati a Aljeriya, Nijar da Nijeriya.

Matsalarmu ita ce tafiya. Mutum ya sha wata biyu, ya ji sauƙi, ya ƙetare iyaka, shi ke nan ya watsar. Haka cutar ke dawowa ta ƙi jin magani. Kafin ka tashi ka gaya wa likita, ka karɓi isasshen magani da katinka, ka nuna shi a asibitin garin da ka sauka.

Madara kuwa, ta saniya ko ta raƙuma, a tafasa ta tukuna. Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, amin.